Tsagewar Kan Injin Tsohuwar Mota: A Gyara ko a Sauya?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, a bana na zaɓi in yi rubutu a kan wani ciwo da ke kama injin tsohuwar mota, watau tsagewar kan inji. Wataƙila wani ya ce, ina ruwan ɗan makaranta da baƙin mai? To, ruwansa da yawa. Mu mutanen Gaya da Ajingi mun san cewa buhun geron da ya bar ƙauye ya isa kasuwa, da akuyar da za a kai Wudil ran Juma'a, da mai naƙudar da za a garzaya da ita asibiti cikin dare, duk a bayan mota suke tafiya, kuma galibi tsohuwa ce. Ran da ta kwanta, gidaje da yawa ne suka kwanta. Bugu da ƙari, abin da ake koya mana a darasin kimiyya game da zafi da ƙarfe, shi ne dai yake aiki a cikin inji.

Mu kuwa ba baƙi ba ne a sha'anin ƙarfe. Tarihin baka ya nuna cewa maƙeran nan da ake kira Abagayawa daga Gaya suka tashi, suka tafi Dutsen Dala neman tama, tun kafin Kano ta zama birni. Saboda haka ba abin kunya ba ne jikokinsu su san halin ƙarfe. Abin da nake so in nuna shi ne, kan inji ba ya tsagewa haka kawai, zafi ne ke tsaga shi. In kuma ya tsage, awo ne zai faɗa mana a gyara ko a sauya, ba zato ba.

Motar da nake magana a kanta

Zan ɗauki misali da Peugeot 404, wadda muke kira Fijo, musamman mai buɗaɗɗen baya da ake ce wa akori-kura. A ƙasar Faransa aka fara ƙera 404 a shekarar 1960. Ta yi suna wajen juriya, har ta ci gasar tseren motoci ta Safari a Gabashin Afirka sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. A shekarar 1975 masana'antar Peugeot da ke Kaduna ta fara harhaɗa motoci, daga nan Fijo ta cika hanyoyin ƙasar nan. Ƙasar Kenya ce ta ƙarshe da aka harhaɗa 404, a 1991. Ke nan duk wadda muka gani tana tafiya a yau ta haura shekara 30, wasu ma sun ba 40 baya. 'Yan kaɗan ne suka rage, kuma kawuna na da ɗaya daga ciki, wadda yake jigilar kaya da ita tsakanin ƙauyukan Ajingi da Gaya da Wudil. A kanta na ga yawancin abin da zan faɗa, sauran kuwa a aji na koya.

Mene ne kan inji?

Injin wannan mota kashi biyu ne manya. Na ƙasa shi ne gangar jiki, wadda aka yi da baƙin ƙarfe na zubi. A cikinta akwai ramuka huɗu da ake kira silinda, kowanne da fistin da ke hawa yana sauka a ciki kamar taɓarya a turmi. Na sama shi ne kan inji, wanda makanikai ke kira tof silinda. Shi ne murfin da ya rufe ramukan nan huɗu, kuma a 404 da alminiyam aka yi shi, irin ƙarfen nan mara nauyi da ake zuba tukwane da shi. Tsakaninsu akwai wani siririn faifai da ake kira gasket, wanda ke hana iska da ruwa da mai ketarawa.

Amma wannan murfi ba kamar murfin tukunya ba ne. A jikinsa akwai bawul takwas, biyu ga kowace silinda: ɗaya na shigar fetur da iska, ɗaya na fitar hayaƙi. Akwai fulogi huɗu masu ba da tartsatsi. Sa'an nan a cikin namansa akwai ɓoyayyun hanyoyi da ruwa ke zagawa, da wasu na baƙin mai.

Aikin inji bugu huɗu ne, bisa tsarin da wani Bajamushe, Nikolaus Otto, ya fito da shi a 1876. Fistin ya sauka ya zuƙo fetur da iska. Ya hau ya matse su. Fulogi ya ba da wuta, su kama, su tura fistin ƙasa da ƙarfi. Ya sake hawa ya kori hayaƙi. Wutar nan takan wuce digiri 2,000 a ma'aunin Salsiyas, alhali alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660. To, me ya hana murfin narkewa? Abu biyu ne. Wutar ba ta daɗewa, walƙiya ce. Na biyu kuma ruwa ne, wanda famfo ke turawa ya ratsa kan inji ya kwashi zafi, ya kai lagireto, iska ta sanyaya shi, ya sake dawowa. Ashe ran kan inji a hannun ruwa yake.

Me ke tsaga shi?

Malamin kimiyya ya koya mana cewa ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi, yana tsukewa in ya huce, amma ba duk ƙarafa ne ke buɗewa daidai ba. Sandar alminiyam mai tsawon mita ɗaya, in zafinta ya ƙaru da digiri 100, takan ƙara tsawo da milimita 2 da 'yan kai. Ta baƙin ƙarfe kuwa wajen milimita 1 kaɗai take ƙarawa. To, ga alminiyam a sama, ga baƙin ƙarfe a ƙasa, an ɗaure su tamau da kusoshi. In zafi bai wuce kima ba, gasket na iya jure wannan ja-in-ja. In ya wuce, na sama yana so ya miƙe, na ƙasa ya riƙe shi, sai ya bankare, ko kuma ya tsage a inda namansa ya fi siranta. Wurin nan kuwa yawanci shi ne 'yar gadar da ke tsakanin mazaunin bawul biyu, ko tsakanin bawul da ramin fulogi.

Abubuwan da ke kai inji ga wannan zafi sanannu ne: lagireto mai yoyo, tiyo da ya fashe, bel ɗin fanka da ya tsinke ko ya saki, famfon ruwa da ya gaji, da lodi fiye da kima a cikin yashi. A wajenmu akwai ƙarin biyu. Na farko zafin bazara, domin a watan Afrilu zafi a ƙasar Kano yakan kai digiri 40 har ya wuce, iskar da za ta sanyaya lagireto ita kanta da ɗumi take zuwa. Na biyu ruwan rijiya da na kududdufi da ake ɗurawa. Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin ɓawon da ke manne a ciki. Irinsa ne ke taruwa a hanyoyin ruwa na inji, ya toshe su, ya hana zafi fita.

Mafi muni duka shi ne a sheƙa ruwan sanyi a cikin injin da ya yi zafi ya ƙone ruwansa. Iyayenmu mata sun san abin da ke faruwa in aka zuba ruwan sanyi a kaskon da ya yi ja a wuta. Wurin da ruwan ya taɓa ya tsuke nan take, kewayensa na nan a buɗe, sai ka ji ƙas. Haka abin yake ga kan inji.

Alamomin ciwo

In kan inji ya tsage, ruwa da wuta da mai, waɗanda bai kamata su haɗu ba, sai su fara haɗuwa. Ruwan lagireto ya riƙa raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Farin hayaƙi mai kauri ya riƙa fita ta salansa ko da inji ya ɗumama. Baƙin mai ya sauya launi ya koma kamar shayi da madara. In aka buɗe lagireto da sanyin safiya aka ta da inji, a ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa. Inji ya riƙa karkarwa, fulogi ɗaya ya fito a jiƙe ko a wanke tas, ba kamar 'yan'uwansa ba. Sai dai a lura, waɗannan alamomi ɗaya suke da na ƙonewar gasket. Ba a rarrabewa sai an kwance an duba.

Yadda ta faru da motar kawuna

A hutun da ya gabata, cikin tsakiyar bazara, motar ta taso daga wani ƙauye da lodin wake za ta Gaya. Bel ɗin fanka ya tsinke a hanya, agogon zafi kuwa ya daɗe da mutuwa, ba wanda ya farga sai da tururi ya turnuƙe gaba. Kafin direba ya fito ya yi magana, yaron mota ya riga ya nannaɗe hannu da tsumma ya buɗe lagireto, ya juye jarkar ruwa a ciki. Allah ya kiyaye bai ƙone ba. Suka sa sabon bel suka ƙarasa, amma bayan kwana biyu mai ya koma shayi da madara.

Hankalin kawu ya tashi, domin daga wannan mota ake cefane, daga ita ake biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa, ni ma kuɗin motar da ke kawo ni makaranta da ɗan garin kwakin da ke cikin akwatina daga ita suke fitowa. Aka tura ta garejin wani dattijon makanike, wanda ya yi shekaru yana aikin Fijo. Na roƙi kawu ya bar ni in riƙa zuwa ina kallo, ya yarda.

Kwancewa da bincike

Dattijon bai taɓa inji ba sai da ya kwana ya huce sarai. Ya cire wayar batir, ya tsiyaye ruwa da mai, ya kwance kafireto da bakin salansa da tiyo. Sandunan da ke tura bawul ya soka su a jikin kwali bi da bi, don kowace ta koma inda ta fito. Kusoshin kan inji kuwa bai kwance su lokaci ɗaya ba. Daga gefe ya fara, yana sassauta kowace kaɗan kaɗan, yana nufo tsakiya.

Da ya zo ɗagawa sai na ga bai ɗaga sama ba, ya murɗa shi gefe tukuna. Na ce, "Baba, me ya sa ba a ɗaga shi kai tsaye?" Ya ce, "Ɗan makaranta, silindar Fijo ba a jikin ganga aka fafe ta ba. Bututu ne aka zaunar, ruwa na zagaye da shi. In na fizge kan, bututun ya biyo shi, abin da ya toshe gindinsa ya motsa, gobe ruwa ya gangara cikin mai, mu ce ba mu san dalili ba." Nan da nan ya danne bututun huɗu da 'yan ƙarafa, ya kuma gargaɗi yaransa kada wanda ya juya inji.

Aka wanke kan da kananzir, aka kankare baƙin da ya daskare. Gwaji uku ya yi. Na farko, ya ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a fuskar kan, a tsaye da a karkace, yana cusa siraran ƙarafan awo a ƙarƙashi don ya ga ko ya bankare. Na biyu, ya shafa kananzir, ya bari ya jiƙa, ya goge tas, sa'an nan ya barbaɗa garin alli. Bayan ɗan lokaci sai ga wani siririn layi kamar gashi ya bayyana a cikin allin, tsakanin bawul biyu na silinda ta uku. Kananzir ɗin da ya ɓuya cikin tsagar ne ya fito ya jiƙa allin. Na uku, ya toshe hanyoyin ruwa, ya hura iska da famfo, ya tsoma kan a cikin rabin duro na ruwan zafi. Kumfa ta riƙa fita daga wurin nan. Wannan ya tabbatar cewa tsagar ta kai har hanyar ruwa.

A gyara ko a sauya?

Nan ne gizo ke saƙar. Hanyoyi uku ne a gaban mai mota.

Ta farko ita ce walda. Alminiyam ba ya karɓar waldar da ake yi wa ƙofa da taga. Yana bukatar walda ta musamman da ake yi da iskar argon, wadda ke kare narkakken ƙarfen daga iskar da muke shaƙa. Sai an huda ƙarshen tsagar biyu don kada ta ci gaba, a fafe ta har gindinta, a ɗumama kan gaba ɗaya, a cike, a bar shi ya huce sannu a hankali. Bayan haka a sake zaunar da mazaunin bawul, a kai wa masu injin fiƙe ƙarfe su daidaita fuskar, a sake gwaji da iska. Aiki ne na gwani, kuma sai an shiga birni.

Ta biyu ita ce ɗinki, wadda ta fi dacewa da kan inji na baƙin ƙarfe, irin na tsofaffin manyan motoci da injin niƙa na Lister. Baƙin ƙarfe na zubi yana da gautsi, zafin walda kan sa ya sake tsagewa a gefe. Don haka sai a jera huda a bisa tsagar, a ɗaura ƙananan kusoshi kowace na cin gefen 'yar'uwarta, a gitta wasu ƙarafa da ke riƙe ɓangarorin biyu, a goge ya yi sumul. Ba wuta a wannan aiki.

Ta uku ita ce a nemo wani kan. Sabo na motar da aka daina ƙerawa shekaru da yawa yana da wuyar samu, saboda haka yawanci na hannu ake nema, daga motar da ta mutu.

Akwai kuma abin da wasu ke ɗauka hanya ta huɗu, watau zuba maganin toshe yoyo a lagireto. Wannan na iya kai mota gida, amma ba ya jure wutar silinda, kuma yakan ƙara toshe lagireton da dama a toshe yake.

Kawu ya so a yi walda don ya ga kamar ta fi araha. Dattijon ya ce, "Alhaji, araha ba ta ado. Dubi nan." Ya auna kaurin kan, ya nuna masa cewa an taɓa fiƙe shi a baya, ga kuma bakin hanyoyin ruwa duk sun zaizaye. Ya bayyana cewa duk lokacin da aka fiƙe kai, ɗakin da wuta ke kamawa yana ƙanƙancewa, matsi ya ƙaru, in ya yi yawa inji ya riƙa ƙwanƙwasa yana ƙara zafi. Ya ce da tsagar a waje take, kan kuma da sauran kauri, da shi da kansa zai ce a yi walda. Amma tsaga a wurin da ya fi ko'ina zafi, a jikin kan da ya riga ya sirance, ko an cike ta ba za ta daɗe ba, a yi biyu babu.

Na fahimci cewa tambayoyi huɗu ne ke yanke hukunci. A ina tsagar take? Ina zurfinta ya kai? Kaurin da ya rage zai ɗauki fiƙewa? Akwai wani kan mai lafiya da za a iya samu? In mota irin wadda kayanta suka ɓace ne gaba ɗaya, dole a lallaɓa nata a gyara. In kuwa ana samu, sauyawa ta fi kwanciyar hankali.

Suka shiga Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan mota. Dattijon ya tafi da rularsa da allinsa a aljihu, ya kuma ɗauki tsohon kan don a gwada su gefe da gefe, domin ko a cikin 404 ɗin akwai bambanci tsakanin na farko da na baya. Suka samu, suka yi sharaɗi da mai kaya cewa sai an gwada da iska kafin ciniki ya faɗa. Aka gwada, ba kumfa.

Ɗaurawa

Kafin a ɗora, sai da aka wasa kowane bawul a mazauninsa har ya zauna daram. Aka goge fuskar ganga, aka share ramukan kusoshi, domin in ruwa ko mai ya kwanta a ciki kusa ba za ta ɗauru daidai ba. Aka sa sabon gasket. Ba a mai da tsoho ko da ya yi kyau a ido, gama ya riga ya matsu. Ɗaurin kusoshi kishiyar kwancewa ne: daga tsakiya ake farawa a nufi gefe, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙara ƙarfi, da sufana mai awo wadda ke nuna iyakar ƙarfin da maƙera motar suka ƙayyade. Sa'an nan aka daidaita tazarar bawul, aka zuba sabon mai. Dattijon ya ce a dawo da ita bayan ta ɗan yi tafiya, a sake bin kusoshin inji na sanyi.

Bai tsaya nan ba. Ya sa aka wanke lagireto, aka sauya tiyo biyu, aka gyara agogon zafi. Ya ce in ba a kashe abin da ya kawo ciwon ba, sabon kan ma hanyar tsohon zai bi. Mako uku motar ta yi a kwance, a tsakiyar lokacin da ake kai amfanin gona kasuwa, duk saboda bel ɗaya da jarkar ruwa ɗaya.

Rigakafi ya fi magani

Ga abin da nake roƙon 'yan'uwana su isar gida. A duba ruwa da mai kowace safiya kafin a ta da mota. A taɓa bel a ji ko ya saki ko ya tsattsage, a kuma ajiye wani a mota. A gyara agogon zafi, domin shi ne bakin da inji ke kuka da shi. A zuba ruwa mai tsabta, in da hali a haɗa da ruwan lagireto na kanti mai hana tsatsa. A tabbata murfin lagireto na kamawa, saboda matsin da yake riƙewa ne ke sa ruwa ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Wannan ne kuma dalilin da ya sa buɗe shi da zafi ke da haɗari, ruwan na iya yin tsiri ya saluɓe fuskar mutum. In mota ta yi zafi a hanya, a tsaya, a kashe, a buɗe gaba, a nemi inuwa a zauna har ta huce, sa'an nan a ƙara ruwa kaɗan kaɗan. Gara a yi latti a kasuwa da a yi mako uku a gareji.

A ƙarshe ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai kada mu raina sana'ar hannu, kada kuma mu ɗauka kimiyya abin haddacewa ne don jarrabawa kaɗai. Ga iyayenmu kuma, in ɗanku ya nuna sha'awar wannan aiki, a ƙarfafa masa gwiwa ya haɗa shi da karatu, domin ƙasarmu na bukatar makaniken da ya san dalilin abin da hannunsa ke yi. Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya sa albarka a sana'o'in iyayenmu, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.